Yadda ake rubuta shirin farko da BASIC a kan Commodore 64

John Kemeny da Thomas Kurtz ne suka ƙirƙiro yaren BASIC a Kwalejin Dartmouth ta Amurka a 1964, domin ɗaliban da ba su ƙware a lissafi ba. Commodore 64, wadda ta fito a 1982, da nata BASIC take zuwa a cikinta, wanda kamfanin ya samo daga Microsoft. Shi wannan BASIC tafinta ne: layi-layi yake karanta abin da ka rubuta, ya fassara wa na'urar, ya aiwatar nan take. Wannan ne ya sa yake da sauƙin koyo, kuma shi ne ya sa ba shi da sauri.

Ba sai ka mallaki tsohuwar na'urar ba. Sauke manhajar VICE, wadda ke kwaikwayon Commodore 64 a kwamfutarka, kyauta ce, ka buɗe shirin x64sc da ke cikinta. Shuɗin allo zai fito da rubutun 38911 BASIC BYTES FREE, a ƙasansa READY. Faɗin allon harafi 40 ne, tsawonsa layi 25.

Fara da umarni marar lambar layi a farkonsa. Rubuta PRINT 7*8 ka danna RETURN (Enter a kwamfutarka), zai ba ka 56. Kada ka danna SHIFT wajen rubuta haruffa: da kansu suke fitowa manya, SHIFT kuwa alamomin zane yake kawowa, tafintan kuma ya ƙi su.

Idan ka sa lamba a farkon layi, tafinta ba zai aiwatar ba, ajiyewa zai yi. Shigar da wannan wasa na cankar lamba, kana danna RETURN a ƙarshen kowane layi:

10 X=RND(-TI)
20 N=INT(RND(1)*100)+1
30 K=0
40 INPUT "CANKI LAMBA DAGA 1 ZUWA 100";A
50 K=K+1
60 IF A<N THEN PRINT "TA YI KADAN":GOTO 40
70 IF A>N THEN PRINT "TA YI YAWA":GOTO 40
80 PRINT "DAIDAI! SAU";K;"KA GWADA"

Na'urar ba ta da ɗ da ƙ da ɓ, dole a haƙura da KADAN. Rubuta LIST ka duba abin da ya shiga, sannan RUN.

Layi na 10 yana ɗaukar agogon cikin na'urar, TI, ya mai da shi tushen lambobin da RND, mai fid da lamba barkatai, zai riƙa fitarwa. In babu shi, duk lokacin da aka kunna kwamfutar jerin lambobi iri ɗaya zai dawo, mai wasa ya haddace. Layi na 20 yana ninka abin da RND ya bayar, wanda ke tsakanin 0 da 1, da 100, INT ya yanke ɓurɓushin, a ƙara 1.

Layi na 60 da 70 su ne abin lura. Wannan BASIC ba shi da ELSE. Duk abin da ya biyo bayan THEN a layi guda, har da wanda ke bayan alamar ɗigo biyu, ba ya aiki sai sharaɗin ya cika. Da za ka raba GOTO 40 zuwa layinsa daban, wasan ba zai taɓa ƙarewa ba, ko an canka daidai. In haka ta faru, RUN/STOP tare da RESTORE za su fid da kai. A VICE galibi Esc ne da Page Up.

Ana tsallake goma-goma a lambobin layi don a bar gurbi. Kana son ƙara abu tsakanin 30 da 40? Rubuta 35 POKE 53281,0 kawai, tafinta zai saka shi a muhallinsa, allon ya koma baƙi. Launuka 16 ne, daga 0 zuwa 15, kuma 53280 shi ne na gefen allo. Rubuta lambar layi ita kaɗai da RETURN yana goge layin ba tare da tambaya ba. Gyara ma haka: ka hau kan layin ka canza, amma in ba ka danna RETURN a kansa ba, gyaran a allo kawai ya tsaya.

Sunayen ma'ajiyai, wato wuraren da shiri ke ajiye lamba ko rubutu kamar N da K da A, sun fi komai kayar da masu koyo. Haruffa biyun farko kaɗai tafinta yake dubawa, don haka LAMBA da LAYI abu ɗaya ne a wurinsa, ɗaya zai shafe ɗaya ba tare da wani gargaɗi ba. Na biyu, da zarar ka danna RETURN yana mayar da kowace kalmar umarni bayit guda don tattalin wuri, kuma yana zaƙulo su ko a tsakiyar suna. HOTO na ɗauke da TO, KORE na ɗauke da OR, duka biyun ?SYNTAX ERROR za su ba ka. Ka tsaya ga harafi ɗaya ko biyu, ka guji TI da ST, na na'urar ne. Ma'ajiyar rubutu kuma da alamar $ take ƙarewa, kamar S$; in ka zuba rubutu a ta lamba, ?TYPE MISMATCH ERROR ke nan. Mai wasa in ya buga harafi maimakon lamba a layi na 40, ?REDO FROM START zai gani, a sake tambayarsa. ?UNDEF'D STATEMENT ERROR kuwa na nufin GOTO ya nufi layin da babu shi.

Kashe na'ura ko rubuta NEW yana tafiya da komai. A VICE ƙirƙiri sabon faifai nau'in d64, ka haɗa shi a na'urar faifai mai lamba 8, ka rubuta SAVE "CANKE",8. Dawo da shi LOAD "CANKE",8 ne, sai RUN. In ka yi gyara, ba shi sabon suna kamar CANKE2, domin faifan ba ya karɓar suna biyu iri ɗaya, kuma BASIC ba zai faɗa maka ajiyar ta gaza ba. Fitilar na'urar faifan ce kawai za ta riƙa ƙiftawa.