Kafin ka sayi tsohuwar Vespa a ƙasar waje, zauna mu yi magana

Assalamu alaikum 'yan uwa sababbin zuwa. Na daɗe ina son yin wannan maganar, saboda kusan duk wanda ya zo ya kwana biyu ya fara gane kan gari, da zarar ya ga tsofaffin Vespa ɗin nan da ake fakawa a bakin titi sai ransa ya biya, kuma ban ga laifinsa ba don nima haka ta faru da ni. Abu ne mai shiga rai wallahi, ga ta 'yar cas ba ta cin wurin faki, ga wannan ƙarar tata da ko daga nesa ka jiyo ka san ita ce. To amma tun kafin ka fara bin tallace-tallace a intanet ina so ka riƙe abu ɗaya, a ƙasar da kake baƙo takarda ce gaba da komai, sai lafiyar ƙarfe, fenti shi ne na ƙarshe.

Ni ta farko da na saya ban san haka ba. Wani dattijo ne ya fito da ita daga ɗakin ajiya, kik biyu ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe wurin, ni kuwa zuciyata ta gama tafiya. Na tambayi takardu yace ai sun ɓata tun tuni amma ba matsala bane, a ofis za su yi min sababbi. Na biya na turo ta gida. Da naje ofishin rajista tambayar farko da akai min ita ce ina shaidar cewa mutumin da ya sayar min shi ne mai ita, kuma banda ko rubutun hannu tsakanina da shi, na koma wurinsa ya daina ɗaga waya. Wata bakwai tana jingine a ƙasan bene ina kallonta safe da yamma ba halin hawa, daga ƙarshe sai a matsayin kayan gyara na sayar da ita. Har yau idan na tuna raina yana sosuwa, shi yasa bana so wani ya faɗa ramin nan.

Kowace ƙasa da sunan takardarta. A Ingila V5C ce, a Faransa carte grise, a Italiya libretto, a Jamus ma akwai tasu. Duk yadda sunan yake aikin ɗaya ne, ka riƙe ta a hannu ka tsuguna gaban babur ɗin ka karanta lambar shasi harafi bayan harafi ka ga ta yi daidai da wadda ke rubuce. A jikin ƙarfen ake buga lambar, yawanci sai ka cire murfin gefe zaka ganta, kuma haruffan farko suna gaya maka samfurin, misali VBB mai girman inji 150cc ce ta farkon shekarun 1960, VLB ita ce Sprint, VNX kuma PX 125, VSX ta 200. Idan mai sayarwa yace 200 ce amma shasi na cewa VNX, to an canza inji, kuma wannan magana ce da ta shafi lasisinka da inshorarka duka. Idan ka ga alamar walda ko an goge wurin lambar an sake bugawa, ka yi masa sallama cikin mutunci ka kama gabanka. Sannan ko da komai ya yi daidai ku rubuta takardar ciniki, sunansa, sunanka, kwanan wata, lambar shasi da ta inji, ku sa hannu. A Italiya akwai waɗanda aka soke rajistarsu tun da daɗewa, ana iya dawo da su ta hanyar ƙungiyoyin tsofaffin ababen hawa irin su FMI da ASI amma tafiya ce mai tsawo, sabon zuwa da bai gama jin yaren ba ban bashi shawarar ya fara da irin wannan ba.

Sai lasisinka kai kanka, nan ma mutanenmu suna yawan yin tuntuɓe. Lasisin da ka zo da shi ba na har abada bane, a Jamus wata 6 yake aiki bayan ka yi rajistar zama, a Ingila da Italiya shekara ɗaya, kuma lasisin mota ba lallai ya baka damar hawa babur ba. A Ingila idan kana son hawa mai 125 sai ka nemi lasisin koyo ka yi horon farko na hawa babur da ake kira CBT, yini ɗaya ne galibi, yana aiki shekara 2, zaka liƙa alamar L ta mai koyo kuma ba goyo ba babbar hanya. Wanda ya wuce 125 sai cikakken lasisin babur. Kada ka ɗauki wannan da wasa ɗan uwa, ɗan ƙasa idan aka kama shi ba lasisi ko ba inshora tara ce da ɓacin rai, kai kuwa abin zai iya binka har ranar da kaje sabunta takardar zama.

Akwai sauƙin da tsufa ke jawowa, gaskiya. A Ingila abin hawa da ya haura shekara 40 ana iya yi masa rajistar kayan tarihi, ba harajin hanya ba tilas ɗin gwajin lafiyar abin hawa da ake kira MOT matuƙar ba a canza masa kama sosai ba, kuma a Landan baya biyan kuɗin shiga yankin ULEZ da ake cajin masu yawan hayaƙi, amma fa sai ka nema da kanka ba haka kawai yake zuwa ba. A Jamus da Faransa shekara 30 ce iyakar. Wanda ya faɗo tsakiya, bai kai tsufan tarihi ba kuma bai cika ƙa'idar hayaƙi ta yanzu ba, shi ne mai wahala a biranen da suka kafa dokar iska, don haka ka bincika dokar birnin da kake tun kafin ka miƙa kuɗi.

To wace zaka saya? Manyan dai biyu ne, Vespa da Lambretta, duk 'yan Italiya. Kamfanin Piaggio ne ya fito da Vespa a 1946 a garin Pontedera, injiniyan jirgin sama Corradino D'Ascanio ya zana ta, sunan ma a yarensu yana nufin zanzaro, ka dubi ƙugunta zaka gane dalili. Lambretta ta biyo baya a 1947 daga kamfanin Innocenti a unguwar Lambrate ta Milan, suka daina ƙerawa a farkon shekarun 1970, Indiya ta sayi injinan masana'antar aka ci gaba da yinta a can. Ni dai idan sabon zuwa ya tambaye ni bana kwana-kwana, Vespa PX nake ce masa. Tun 1977 aka fara ta kuma an yi ta da yawan gaske, kayan gyaranta ba wahalar samu, tayarta inci 10 ce ta fi masu inci 8 zama a titi, wutarta ma ta fi ta tsofaffin masu ƙarfin wuta volt 6 da fitilarsu kamar aci-balbal da daddare. Akwai 'yan uwanta na Indiya, LML da Bajaj Chetak, ba laifi bane ka sayi ɗaya muddin ka san abinda kake saye, matsalar ita ce wanda zai liƙa mata tambarin Piaggio ya sayar maka a matsayin 'yar Italiya. Lambretta kyakkyawa ce ba musu, sai dai ta fi son mai haƙuri da wanda ya riga ya san hannun sifana.

Yanzu maganar ƙarfe, kuma a nan nake so ka nutsu. Vespa bata da wani ƙashin bututu a ciki, bodin nata shi ne shasinta, farantin ƙarfe ne aka lanƙwasa aka haɗa, saboda haka tsatsar da ta ci gindin wurin sa ƙafa ta ci ƙashin bayanta ne. Ranar da zaka je dubawa ka tafi da tocila da ɗan mayen ƙarfe da tsohon kwali na shimfiɗawa, ka je da rana, kada ka yarda da duba abu da magariba. Ka kwanta ƙasa sosai ka haska ƙarƙashinta, ka danna da yatsa wurin da sitan yake ɗaure da kuma bin tsakiya inda wayoyi ke wucewa, idan ka ji yana lotsawa ko ɓawon tsatsa na zubo maka a fuska ka san akwai aiki babba. Mayen ƙarfen kuma ka riƙa manna shi a wurare daban-daban, inda yaƙi kamawa to fila ce aka cika rami da ita aka fesa fenti a kai. Ka koma baya ka tsaya ka kalle ta, tayar gaba da ta baya su zama kan layi ɗaya, idan kan ya karkace ta taɓa shan karo. Kuma ka roƙi mai ita kada ya tayar kafin ka iso, ka sa hannu ka taɓa injin ka ji da sanyi, don inji mai zafi yana ɓoye ciwo da yawa.

Akwai wasu da zaka gani a intanet suna walƙiya, fenti kala biyu, ƙarfe mai sheƙi ta ko'ina, kujera sabuwa fil, wai an gyara ta tas daga kudu maso gabashin Asiya musamman Biyetnam. Masu harkar nan sun daɗe suna gargaɗi a kansu, don da yawa gawar babura biyu ko uku ake yankawa a haɗa da walda a lulluɓe da fila, injin kuma an cusa masa duk abinda ya samu. Ba duka bane amma kai baka da idon rarrabewa tukuna. Ni na fi son in ga mai tsohon fenti da ya koɗe da 'yan ƙurje-ƙurjenta, ita bata ɓoye min komai ba.

In Allah yasa ka dace ka saya, sai zaman tare. Injinta irin wanda ake haɗa wa baƙin mai da fetur ne, wasu PX na baya-baya suna da tankin mai daban suna haɗawa da kansu, sauran kuwa kai ne zaka auna. Mafi yawansu kashi 2 cikin 100 ne, wato mililita 20 a kowace lita, tsofaffi sosai na shekarun 1950 suna shan kashi 5, ka tabbatar da na taka. Ni ƙaramin kofin awo yana cikin akwatin gaba kullum tare da gorar man, na tsaya gidan mai na rufe famfon fetur, na zuba lita 5 na auna 100 na tsiyaya, na rufe tanki na ɗan girgiza ta hagu da dama kafin in buɗe famfon, mutanen da ke bayana a layi suna kallo amma ban taɓa gaggawa a wannan ba, ranar da ka manta zuba man, fistin zai kama a tsakiyar tafiya tayar baya ta ƙulle, in hakan ta faru kulochi zaka matse nan take. Fetur ɗin yanzu mai E10, wato mai haɗin sinadarin ethanol har kashi 10, wanda Ingila ta koma kansa a 2021, yana cinye tsofaffin roba da tiyo kuma yana jan ruwa idan ya daɗe a tanki, inda ake samun E5 mai ƙarancin haɗin shi nake sha.

Giya a hannun hagu take, kana matse kulochi kana murɗa hannun gaba ɗaya, birkin baya kuma a ƙafar dama. Ka nemi fili babu motoci ka saba tukuna. Birkinta na da ne, baya kamawa kamar na baburan yanzu balle an yi ruwa, ga injin a gefen dama yake saboda haka nauyinta ba daidai yake ba, ka riƙa barin tazara mai yawa. Taya kuma kada ka duba zanenta kawai, akwai lambobi huɗu a gefe da ke nuna sati da shekarar da aka yi ta, tsohuwar taya ko bata taɓa taka ƙasa ba ta bushe, ka canza har da tub ɗin ciki, don tub idan ya fashe lokaci ɗaya iskar ke ficewa. Hular kwano mai kyau da safar hannu ba sai na faɗa ba.

Ka koyi ƙananan gyara da hannunka, canza filogi, wanke kafireta, sa wayar kulochi ko ta giya. A ƙasashen nan aikin bakanike yana da tsada kuma gareji da yawa basa ma karɓar tsohon babur, wani yaron bai taɓa buɗe irinsa ba. Wata rana wayar kulochi ta tsinke min ana yayyafi nesa da gida, da yake akwai sabuwa a akwati da filaya da sifana sai na tura ta ƙarƙashin wata rumfa na zare tsohuwar na zura sabuwa, kafin rabin awa na kama hanya. Abinda ya koya min wannan kulob ne na masu Vespa, kusan kowane babban gari akwai su, yawanci dattawa ne masu son a tambaye su, ka je ka gaishe su ko yarenka bai nuna ba, su ne za su nuna maka bakaniken gaskiya kuma wani ma zai raka ka duba wadda zaka saya. Ni a wurinsu na fara samun abokai 'yan ƙasa.

Wanda kuma yake tunanin ya saye ta don aikin kai saƙo ko zuwa aiki kullum da asuba, gaskiya ka nemi na zamani, inshorar kayan tarihi ma sau da yawa bata yarda da sana'a ba kuma wasu suna ƙayyade kilomitar da zaka yi a shekara, ka karanta sharuɗɗan ko ka sa wanda ya iya yaren ya karanta maka. Ɓarayi suna sonta sosai kuma mutum biyu sun isa su ɗaga ta su jefa a mota, makullin kai kaɗai baya hana komai, sai sarƙa mai kauri ɗaure da abin da baya motsi. Idan kana ƙasa mai sanyi inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishirin nan shi ne babban maƙiyin gindinta, gara ka ajiye ta har yanayi ya gyaru. Ka wanke ta ta bushe, ka rufe famfon fetur ka bar injin ya ci gaba da aiki har ya mutu da kansa don kafireta ta zama ba komai a ciki, ka cire batir in tana da shi ka shigar ɗaki, ka ƙara wa tayoyi iska, sannan ka lulluɓe ta da yadi mai shan iska, banda leda don leda tana tara raɓa.