Mai ciki in annoba ta zo, ga yadda za ki yi da awo da haihuwa

'Yar uwa, lokacin kullen korona a Kano a watan Afrilun 2020 mata da yawa sun daina zuwa awo, wasu tsoron asibiti, wasu kuma babu adaidaita, to in irin haka ta sake faruwa don Allah kar ki yanke awo. Hukumar lafiya ta duniya sau 8 ta ce a ga mai ciki, ko an rage miki zuwa ki tabbata an auna hawan jini, ki roƙi maganin ƙarin jini mai yawa da zai kai ki wata, ki karɓi lambar nas ɗin, ki sa takunkumi ki je da sassafe kafin layi ya cika.

Tun wata bakwai ki haɗa jaka, katin awo a sama, zannuwa, auduga, sabulu, kuma maigida ya yi magana da mai motar da zai fito ko tsakar dare ne, katin nan shi za ki nuna a shingen jami'an tsaro. Ki tambaya ko ana barin ɗan rakiya shiga, wani wurin mutum ɗaya ne kawai. In kin ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, ko yaro ya daina motsi, babu wani jiran gari ya waye.

Bayan haihuwa ko kin kamu da korona ki ci gaba da shayarwa, wanke hannu da takunkumi kawai. 'Yan barka kuwa, ni dai na ce su yi ta waya, ko Gwaggo za ta yi fushi. A yi wa jariri BCG, wato allurar rigakafin tarin fuka, da ɗigon shan inna kafin ku bar asibiti.