Yadda Kompaila Za Ta Gano Maimaitaccen case a Cikin switch

Duk wanda yake gina kompaila, wato manhajar da ke juya rubutun mai tsara shirye-shirye zuwa umarnin da na'ura ke fahimta, ba dade ko ba jima sai ya koya mata ƙin amincewa da case biyu masu ƙima ɗaya a cikin switch guda. Switch umarni ne da ke duba wata ƙima ya zaɓi reshen da za a bi; kowane reshe yana da alamar case mai ɗauke da ƙimarsa, default kuma shi ne reshen da ake bi idan babu case ɗin da ya dace. Ƙa'idar yaren C ta haramta maimaita case ƙarara, ta kuma hana default ya wuce ɗaya, haka ma Java. JavaScript kuwa tana kawar da kai ga maimaitaccen case, sai dai duk lokacin da ƙimar ta zo, na farkon ake faɗa wa, shi ya sa ake dogaro da kayan bincike irin su ESLint don su ankarar da mai rubutu.

Abu na farko, wanda sauran aikin duka ya rataya a kansa, shi ne a kwatanta ƙima, kada a kwatanta rubutu. A ido, `case 65`, `case 'A'`, `case 0x41` da `case 60 + 5` abubuwa huɗu ne mabambanta, amma dukkansu 65 ne: 'A' a tsarin ASCII mai bai wa haruffa lambobi, 0x41 kuma a rubutun lamba na tushe 16. Haka nan sunaye biyu na enum, wato jerin sunaye masu wakiltar lambobi, suna iya ɗaukar lamba ɗaya. Saboda haka bai kamata a yi wannan bincike a lokacin yayyanka rubutu ko gina bishiyar nahawu ba. Wurinsa shi ne matakin tantance ma'ana, bayan an lissafa kowane case an samu lamba tsayayya.

Lissafin kaɗai ma bai wadatar ba, kuma a nan ne, a ganina, aka fi yin tuntuɓe. C tana buƙatar a sauya ƙimar kowane case zuwa nau'in abin da ke cikin bakan switch, bayan an ɗaga shi zuwa int, wato nau'in cikakkiyar lamba na yau da kullum, idan ƙarami ne. Idan abin nan unsigned int ne mai bit 32, wato nau'in da ba ya ɗaukar lamba ƙasa da sifili, to `case -1` da `case 4294967295` sun zama abu guda, domin -1 yana komawa wannan babbar lamba da zarar an sauya shi. Kompailar da ta kwatanta kafin sauyawa za ta bar su su wuce, sannan matsalar ta ɓullo can gaba wajen gina teburin tsalle, wato jerin da ke nuna inda za a nufa ga kowace ƙima, inda gurbi ɗaya zai sami masu nema biyu.

Sai batun wurin ajiya. Kwatanta kowane case da duk waɗanda suka gabace shi yana aiki, amma switch mai case 1000, irin wanda wata manhaja ke samarwa da kanta, zai ci kwatance 499,500. Teburin hash, wanda ake nemo abu a cikinsa kai tsaye ta mabuɗi, ya fi sauƙi: ƙima ce mabuɗi, abin da ake ajiyewa kuma shi ne layin da aka fara ganinta. Kompailar Clang tana jera ƙimomin daga ƙarami zuwa babba ta duba maƙwabta, kompailar GCC kuma tana zuba su cikin bishiyar bincike. Jerawa tana da fifiko idan yaren ya yarda da zango, kamar `case 1 ... 5` na GCC, domin teburin hash ba zai ga cewa `case 3` ya faɗa tsakiyarsa ba. Idan an jera bisa mafari, ya isa a duba ko mafarin kowanne ya wuce ƙarshe mafi girma da aka gani kafinsa.

Kowane switch yana buƙatar nasa teburin, tunda `case 1` na switch na ciki ba ya karo da `case 1` na waje. Ana buɗe sabon tebur a ɗora shi bisa tuli idan an shiga, a sauke shi idan an fita. A C kada a ɗauka cewa case yana zaune kai tsaye a ƙarƙashin switch, domin yana iya ɓuya a cikin madauki, wato umarnin da ke maimaita aiki, kamar a dabarar da Tom Duff ya fito da ita a 1983. Kowane case na switch mafi kusa da ya kewaye shi ne, komai zurfinsa.

Idan an kama maimaici, saƙon kuskure ya nuna wurare biyu, sabon layin da kuma inda aka fara amfani da ƙimar, kamar yadda GCC take yi. Yana da kyau a buga lambar da lissafi ya bayar, domin wanda ya rubuta `'A'` a layi na 12 da `0x41` a layi na 90 ba lallai ne ya ga alaƙarsu nan take ba. Bayan haka a bar na farkon a tebur, a ci gaba da duba sauran, don mai rubutu ya ga duk maimaicin a zama ɗaya. Shi kuwa default, alama guda mai riƙe layinsa na farko ta ishe shi.