Yadda Za Ka Yi Idan Ƙaramin Jirgi Ya Faɗi Wajen Sauka

Mu ƴan Zariya mun saba da ƙarar ƙananan jiragen nan, tun 1964 kwalejin koyon tuƙin jirgin sama take garin nan, duk wanda ya tashi a Palladan ko Samaru ya san shawaginsu tun da sassafe. To ƙaramin jirgi wajen sauka ya fi samun matsala, ko iska ta bugo shi ta gefe, ko ya dira da ƙarfi ya yi tsalle tayar gaba ta karye, ko hazo ya hana matuƙi ganin titi sosai. Allah ya kiyaye, amma in abin ya faru a gabanka ga yadda za ka yi.

Da farko kar ka ruga. Kira 112 ka faɗi wurin daidai, ba wai "nan bayan gari" ba.

Sai ka matso ta inda iska take bayanka saboda hayaƙi. Yawancin jiragen nan mansu a cikin fukafukai yake, akwai wani mai shuɗi-shuɗi da ake ce wa avgas, in ka ji warinsa to wallahi sigari ɗaya ko mashin ɗin ɗan acaɓa a kunne ya isa ya tashi wurin, a kashe mashina a ajiye su nesa.

Farfelar gaba kuwa kar ka kuskura ka taɓa ta ko da injin ya mutu, don juya ta kaɗan da hannu yana iya ta da shi, kamar dai yadda ake ta da injin niƙa.

Yanzu mutanen ciki. In ba wuta kar ka jawo kowa, wataƙila wuya ko ƙashin baya ya taɓu, kai kana ganin taimako kake ashe gurgunta shi za ka yi. Yi masa magana, riƙe masa kai kar ya motsa, inda jini ke zuba ka danne da tsumma mai tsafta. Wannan ɗabi'ar tamu ta "a ba shi ruwa" don Allah a bari, ƙila tiyata za a shiga da shi. Amma in wuta ta kama babu jira, kwance bel ɗin ka kamo shi ta hammata ku yi nesa.

In an kwashe su sai a bar komai yadda yake, ko ƙusa kar a ɗauka, jami'an NSIB, wato hukumar binciken hatsari ta Najeriya, da tarkacen nan suke gano abin da ya jawo hatsarin. A sa manya biyu su tsaya, don yara da ƴan gwangwan ba sa jira.