Shawara ga mai son ziyartar fadar Damagaram

Idan za ku kai baƙi kallon fadar Sarkin Damagaram da tsofaffin gidajen Birni, tsohuwar unguwar garin Zinder a Nijar, ku isa da ƙarfe 8 na safe, kuma ku daidaita kuɗin ɗan rakiya tun a bakin ƙofa, na ayarin duka.

Da safe rana tana faɗowa a kaikaice, sai zanen da magina suka yi a fuskar gidajen ƙasa ya fito sarai, kuma duwatsun unguwar ba su ɗauki zafi ba. Ciniki kuwa yana wuya bayan an gama yawo.

Ku nemi izinin dogarai kafin ku ɗauki hoto, domin gidan zama ne.

Dabarar ba ta aiki ranar Juma'a ko lokacin hawan Sallah, saboda cunkoso.