Darasi na 8: Jiki Bayan Shekara 40

A kowane ajin yaƙi da jahilci akan sami wanda zai miƙa littafi can nesa da fuskarsa, ya kanne ido, ya matsa bakin taga, sannan ya ce baƙin ya yi ƙanana. Wata kuma zura zare a allura ne ya gagare ta, sai ta kira jika. A nan wasu ke karaya, su ce kai ya toshe, karatu ya wuce su. Kai lafiyarsa lau, ido ne ya canja.

A cikin ido akwai wani ɗan gilashi mai taushi da ke lanƙwasawa idan za a kalli abu na kusa. Daga wajen shekara 40 zuwa 45 yakan fara tauri. Kusan kowa sai ya same shi, har malamin ajin. Maganinsa tabaran karatu. A jikin tabaran akwai lamba, kamar +1.00 ko +2.50, kuma gwargwadon girman lambar, gwargwadon ƙarfinsa. Amma kada ka tsaya ga aron na maƙwabci ko na mai talla a kasuwa. Ka je a auna idon, don a wurin awon ake gano hawan jinin ido, wanda ke cinye gani sannu a hankali, galibi ba zafi, kuma abin da ya cinye ba ya dawowa.

Furfura, ciwon gwiwa da tumbi ba sai an gaya maka ba. Mace kuwa, yawanci tsakanin shekara 45 da 55 al'adarta kan rikice, daga baya ta ɗauke. Zafi ya taso mata daga ƙirji zuwa fuska, gumi da dare, barci ya ƙi. Ba iska ba ce, ba kuma jifa ba, lokaci ne ya zo. Sai dai in jini ya dawo bayan shekara guda da ɗaukewa, a tafi asibiti, kada a jira. Haka magidancin da fitsari ke fita masa da ƙyar, ko yake yawan tashi da dare.

Abin da ya fi ban tsoro shi ne wanda ba ya sallama: hawan jini. Mutum na noma, yana kasuwa, ba ciwon kai ba jiri, alhali jinin ya hau. Ranar da ya faɗi, ɓarin jiki ya shanye, sai a ce an yi masa sammu. Awo kaɗai ke nuna shi. Ma'aikacin lafiya zai ɗaura maka abin awo a damtse, ya matse kaɗan, lambobi biyu su fito. Kusan 120/80 lafiya lau. In ana samun 140/90 ko sama a ranaku daban-daban, hawan jini ne. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji garau, maganin ne ya sa ya ji garau ɗin. Tun da ka je, ka ce a duba suga, musamman in kana fama da ƙishirwa, yawan fitsari ko gyambon da ya ƙi warkewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Uwargida, da ɗunƙule da kanwa duk cikin lissafin suke. A ƙara daddawa da albasa, miya ba za ta yi lami ba. Sai tafiyar ƙafa da ɗan sauri, minti 30 a rana, kwana 5 a mako. A bar taba.

Aikin yi

1. Kwafi waɗannan a littafinka: 120/80, 135/85, 160/100. Ja layi ƙarƙashin wanda ya kai hawan jini.

2. Minti 30 sau 5, minti nawa ke nan?

3. Kafin darasi na gaba, ka je asibitin sha-ka-tafi ko kemis mai abin awo. Rubuta kwanan wata da lambobinka da hannunka, ka zo da su aji.