Kalmar "pass": wuraren da muke tuntuɓe da yadda za mu gyara

Tun muna firamare aka ce mana "pass" wucewa ce, muka riƙe wannan fassara gam. Ba ƙarya ba ce, amma ita ke kai mu ta baro mu, domin kalmar tana sauya ma'ana gwargwadon abin da ya biyo bayanta.

Kuskuren da ya fi tayar min da hankali shi ne na "pass out" da "pass away". Na farko suma ne, na biyu rasuwa. Na san wata yarinya a unguwarmu da ta tura wa yayanta saƙo yana karatu a waje, ta ce Inna ta yi "pass away" a asibiti, alhali jiri ne ya ɗebe ta ta suma. Kafin a same shi a waya ya riga ya fara sanar da abokansa rasuwa. In kana shakka a irin wannan wuri, ka bar "pass" ɗin gaba ɗaya: "fainted" ga wanda ya suma, "died" ga wanda Allah ya yi wa rasuwa.

"Pass out" ɗin ma fuska biyu gare shi. A Turancin Ingila ana faɗinsa ga soja ko ɗan sanda da ya kammala horo, daga nan muka samo "passing out parade", sunan faretin yaye hafsoshi a makarantar soja ta Kaduna, da na masu bautar ƙasa. Mu sai muka shimfiɗa shi har kan sakandare da jami'a. Ka ce wa Ba'amurke "I passed out last year", abin da zai ji shi ne bara ka suma. "Graduated" ake cewa.

A jarrabawa, "pass" ci ne, shi ne fasin ɗinmu. Sai dai iyaye su kula: a sakamakon WAEC, daga A1 zuwa C6 ne kiredit, D7 da E8 su ake kira "pass", kuma jami'a kiredit biyar take nema har da Turanci da Lissafi. Yaro zai iya cewa ya yi fasin bai yi ƙarya ba, amma takardarsa ba za ta kai shi jami'a ba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko da Faransanci kuwa, nasu tarkon daban ne. A can "passer un examen" zaman jarrabawa ne kawai, ko an ci ko an faɗi. Wanda ya ɗauko wannan ya ce "I will pass my exam tomorrow" yana nufin gobe zai rubuta, ya yi alkawarin da bai yi niyya ba. "Sit" ko "take" zai ce.

Akwai kuma wanda Burokan Inglishi ya ɗora mana, Hausa ta taya shi zama a baki. "He tall pass me" daidai yake da "ya fi ni tsawo", shi ya sa yake mana daɗin faɗi. Daga nan ƙaramin janareta ya samu sunansa na "I pass my neighbour". A kasuwa ko tasha ban ga aibinsa ba, yare ne mai tsarinsa. A takardar neman aiki dai, "taller than me".

"Passed" da "past" furucinsu ɗaya, sai a rubutu asiri ke tonuwa. Dubi jimlar: in ba wata kalmar aikatau ta tafiya a ciki, "passed" ne, "he passed the mosque". In akwai, "past" ne, "he walked past the mosque". Lokaci ma "past" ne, "half past two".

Masu fassara labarai, ku ma ga naku. "The Senate passed the bill" ba wucewa da ƙudiri aka yi ba, amincewa da shi aka yi. Kuma bai zama doka ba tukuna. A tsarin mulkin Najeriya na 1999, sai majalisun biyu sun amince, a kai wa shugaban ƙasa, yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na kowace majalisa na iya sake amincewa ya zama doka ba da hannunsa ba. Wanda ya rubuta "an kafa doka" tun a matakin farko ya ba masu sauraro labarin da bai faru ba.

A kan tabarmar cin abinci, "pass me the salt" miƙo min gishiri ne. In kuma ka yi wa baƙo tayin shayi ya ce "I'll pass", ba hanya yake nema ba, cewa yake ya gode, a ƙoshe yake.